Auren furen kiwi: me ya sa ake bin sa da hannu fure bayan fure?

Duk wanda ya taɓa sauke kwalayen kayan marmari a halakar Jidda, wato babbar kasuwar sarin kayan marmari da ganye, ya san lambar da ake bugawa a gefen kwalin kiwi: 27, 30, 33, 36, wani lokaci har 42. Sabon shiga yakan ɗauka lambar gona ce ko ta mota. Adadin 'ya'yan da suka cika tire ɗaya ne, mai nauyin kilo 3 da 'yan kai. In lambar ƙarama ce, 'ya'yan manya ne, kuɗin ma haka. In ta haura 40 kuwa, ƙanana ne, irin waɗanda masu bakala, wato ƙananan kantunan unguwa, ke jerawa a faranti su lulluɓe da leda su sayar da araha. Iri ɗaya ne, ƙila ma gona ɗaya da reshe ɗaya, amma wannan ya kai ƙwan agwagwa, wancan bai wuce ƙwan zabuwa ba.

Kawuna, yayan mahaifiyata, a kan dabino ya ƙare ƙuruciyarsa, a gonakin Madina wajen Ƙuba da Awali. Da ya zo mana Jidda ganin likitan ido, na kawo kiwi bayan an ci abinci. Ya raba babban gida biyu, ya kai shi kusa da idon da ke gani, ya daɗe yana kallon baƙaƙen ƙwayoyin da suka kewaye farar cibiyar. Ya ce, "Ɗan nan, wannan an yi masa aure na gari." Ya raba ƙaramin, mai gefe guda a shafe, ya yi tsaki. "Wannan kuwa a gurguje aka ɗaura, waliyyi na sauri."

Kawu bai taɓa ganin itacen kiwi ba, ko a hoto. Amma abin da ya faɗa shi ne dai abin da masu binciken noma a Niyuzilan da Italiya da Japan suka shafe shekaru suna aunawa da sikeli. Girman kiwi yana bin yawan ƙwayar da ke cikinsa, yawan ƙwayar kuma yana bin yawan bununi, wato garin furen namiji, da ya sauka a kan furen a cikin 'yan kwanakin da ya yi a buɗe. Taki da ban ruwa da rage 'ya'ya suna da nasu rabon daga baya, sai dai ba sa iya ƙara ƙwaya ko ɗaya a kan wadda aka samu a wannan makon.

Kiwi itace ne mai yaɗo, kamar inabi, ana ɗora shi a kan rumfa ta waya da turaku. Kuma yana cikin itatuwan da namiji daban, mace daban. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe: mun san namijin gwanda da ke cika tsakar gida da fure ba ya ba da ko ɗa ɗaya, mun san giginya, mun san dabino. Abin da ke rikita mutum a kiwi shi ne furen macen. Babba ne, fari, a tsakiyarsa akwai wasu fararen zaruruwa sama da 30 da suka bazu kamar tafin hannu, kewaye da su kuma ga 'yan sanduna masu ɗauke da gari rawaya, sak irin na namiji. Mai kallo zai ce ai wannan ta wadatu da kanta. Garin nata fanko ne, ba ya haifar da komai. Amfaninsa kawai ya jawo ƙwari. Furen namiji shi ne mai bununi na gaske, shi kuma ba shi da mahaifar da za ta zama ɗa.

Yanzu ga lissafin da ya raba kiwi da dabino, kuma a nan ne duk maganar take. Ɗan dabino ƙwallo ɗaya gare shi. Ƙwayar bununi ɗaya mai rai in ta faɗa inda ya kamata, ta gama aikin. Shi ya sa aikin su Kawu yake da sauƙin fasali duk da wuyar hawa: a sare hudar namiji, wanda Larabawa ke kira fahal, a tsattsage ta sili-sili, a cusa 'yan silla a kife cikin hudar macen da ta tsage, a ɗaure da ganyen dabino sako-sako, a sauko. Iska ce za ta ƙarasa, tana kaɗa garin yana zuba a hankali har kwanaki. Kiwi irin Hayward kuwa, koren nan mai gashi da ya fi cika kasuwa, kafin ya kai nauyin giram 100 yana buƙatar ƙwaya wajen 1,000 ko fiye a cikinsa. Kowace ƙwaya da nata bununin. Tun da kuma ba kowane bununi ke da rai ba, ba kowanne ke kaiwa ga mahaifa ba, sai an zuba dubbai a kan fure ɗaya.

Wanda ya yi noman masara zai fi saurin ganewa. Kowane silin gemun masara yana kaiwa ga ƙwaya ɗaya a jikin goyon. In bununi ya yi ƙaranci, ko iska ta kaɗa shi wani gefen, sai ka ɓare masara ka tarar da giɓi kamar bakin tsohuwa. A kiwi ba a ganin giɓin daga waje, domin tsokar ce ke ƙin cika. Ƙwayoyin da ke girma su ne ke fitar da sinadaran da ke sa tsokar da ke kewaye da su ta yi ta rarrabuwa tana kumbura, su ne kuma ke jawo abinci daga ganye zuwa ɗan. Ƙwaya kaɗan, kira kaɗan, abinci kaɗan.

Wani halin kiwi ya ƙara tsananta abin. Mangwaro da lemo sukan zubar da 'ya'yan da ba su yi ƙwari ba, su bar waɗanda za su iya goyo. Kiwi ba ya yawan yin haka. Furen da bai sami bununi ko kaɗan ba zai faɗi, amma wanda ya sami ɗan abin da bai taka kara ya karya ba zai manne, ya zama ƙaramin ɗa, ya yi wata biyar ko shida yana shan ruwa da takin da manya za su sha, a ƙarshe a tsince shi a jefa cikin kwandon da ba a fitarwa waje. Manomi ya biya kuɗin goyonsa, bai ci ribarsa ba.

To me ya hana iska da ƙudan zuma su yi aikin, kamar yadda suke yi wa sauran itatuwa? Suna yi, gwargwado. Iska tana ɗaukar bununin kiwi, amma furen yana kallon ƙasa ne a ƙarƙashin rumfa mai duhun ganye, gonakin kuma a kewaye suke da dogayen itatuwa ko raga don kare rassan daga karyewa. An tare iskar da gangan, ba za a dawo a dogara da ita ba. Abin da take kawowa ba ya isa ya cika ɗa.

Ƙudan zuma kuwa labarinsa ya fi tsawo. Furen kiwi, namiji da mace, ba shi da ruwan zaƙin da ƙudan ke sha ya mayar zuma. Gari kawai yake bayarwa. Ƙudan da ya fito neman zaƙi ba shi da abin yi a gonar; in akwai lemo ko wata ciyawa mai fure a maƙwabta, can zai nufa ya bar mai gona da kuɗin hayar amya. Waɗanda suka tsaya ɗibar garin ma suna da wata ɗabi'a: da yawansu in sun fara da furen mace sai su yi ta bin mata, in sun fara da namiji su yi ta bin maza. Ƙudan da ya wuni yana yawo daga mace zuwa mace fankon gari kawai yake rabawa. Ga shi fure ɗaya ba ziyara ɗaya ko biyu yake buƙata ba, sai an yi ta zuwa ana komawa kafin ya ƙoshi.

Manoman Niyuzilan sun yi wa wannan dabaru iri-iri. Sukan zuba amya 8 zuwa 10 a hekta ɗaya, adadin da ya fi na yawancin itatuwan marmari nesa ba kusa ba. Ba sa kawo amyar sai furen mata ya fara buɗewa, don kada ƙudan ya riga ya saba da wata gonar. Suna zuba ruwan sukari a cikin amyar, domin an lura ƙudan da ya sami zaƙi a gida ya fi fita neman gari. Suna yanke ciyawar da ke fure a ƙarƙashin rumfa. Da duk wannan, in aka tashi da ruwan sama ko sanyi kwana uku a jere a tsakiyar fure, ƙudan yana cikin amya, furen yana tsufa. Ragar da ake shimfiɗawa a saman gona don tare ƙanƙara ita ma tana rikita shi, ya kasa gane hanyar gida.

Sai kuma maganar mazan kansu. Tsarin da aka daɗe ana bi shi ne namiji ɗaya ga mata 8, wasu kuma suna ƙara yawan maza fiye da haka. Namijin nan yana cin fili da ruwa da rana, yana buƙatar aski, ba ya ba da ɗa ko ɗaya na sayarwa. Kuma dole furensa ya buɗe a makon da na matan ya buɗe. An zaɓo maza masu suna saboda wannan, irin su Matua da Tomuri da Chieftain, kowanne da lokacin furensa. Amma shekara ba ta zuwa iri ɗaya. In sanyin hunturu bai yi ƙarfi ba, fure yakan fito a warwatse, ango ya shirya amarya ba ta shirya ba, ko ita ta gama kwanakinta shi yana toho.

Akwai wani abu a tarihin itacen da ke bayyana me ya sa auren nan ya zama tilas a shirya shi. Asalin kiwi daga Sin yake, a dazukan kwarin kogin Yangtze, inda maza da mata ke fitowa a cakuɗe. A 1904 wata shugabar makarantar 'yan mata a Wanganui, Isabel Fraser, ta dawo Niyuzilan da irinsa daga ziyarar da ta kai Sin. A 1910 aka tsinki 'ya'yan farko a can. A shekarun 1920 wani mai renon itatuwa, Hayward Wright, ya zaɓo wata mace guda mai manyan 'ya'ya masu jure ajiya. Duk kiwi Hayward da ke duniya yau, a Te Puke ta Niyuzilan ko Latina ta Italiya ko Girka ko Cile, jikin wannan macen ne aka yi ta yanka ana ɗaurawa a kan wani tushe. Kawu ya gane wannan nan take, domin haka dabinon Ajwa da Sukkari suke: ba a shuka ƙwallo, 'ya'yan gindi ake cirewa a dasa, duk mata. Gonar da aka cika da mace ɗaya, dole mai ita ya nemo mata miji da kansa. Sunan kiwi ma sai a 1959 'yan kasuwar Niyuzilan suka raɗa masa, don ya shiga kasuwar Amurka.

Hanya mafi sauƙi ta barbarar hannu ba ta buƙatar komai sai ƙafa da haƙuri. Da safe, bayan raɓa ta bushe, mutum ya tsinko furannin namiji da suka buɗe a ranar, waɗanda in ka taɓa su gari ke manne maka a yatsa. Ya ɗauki ɗaya, ya haɗa fuskarsa da fuskar furen mace, ya murza a hankali yadda garin zai shafi dukkan fararen zaruruwan. Fure ɗaya na namiji yakan ishi mata kamar biyar, daga nan a jefar a ɗauki sabo. Ga mai itace biyar ko goma a bayan gida, wannan ta wadatar, kuma ba a cika samun hanyar da ta fi ta cika ɗa da ƙwaya ba. Matsalarta hannu. Hekta ɗaya tana ɗauke da furanni dubu ɗaruruwa, duk a saman kai. Wanda ya taɓa shafa fenti a silin ya san abin da wuya da kafaɗa ke faɗa bayan awa biyu.

Shi ya sa manyan gonaki suka koma tara bununin daban. Ana tsinko furen namiji yana gab da buɗewa, ya kumbura ya yi fari amma bai saki garinsa ba. In aka bari ya buɗe, ƙudan zuma da iska sun riga mutum. A zuba a injin da ke murje furen, a tankaɗe a ware 'yan jakunkunan garin daga sauran, a shanya su a ɗaki mai ɗumin da bai wuce digiri 30 ba har su fashe, sannan a sake tankaɗewa ko a zuƙe garin da inji. Zafi ya yi yawa, garin ya mutu ba tare da kamanninsa sun sauya ba. Wajen kilo 100 na fure ke ba da kilo ɗaya na bununi, shi ya sa kilo ɗaya ke kai dubban dalolin Niyuzilan. In an busar da shi da kyau aka rufe a firiza, digiri 18 zuwa 20 ƙasa da sifili, yana kai baɗi da ransa. Wannan ajiyar ce ta warware rikicin lokaci: kiwi mai rawayar tsoka yana riga koren fure, don haka garin bara ake fito masa da shi.

Mai hankali ba ya fesa garin da bai gwada ba. Ana ɗiban kaɗan a zuba a kan wani abu mai sukari a ɗakin gwaji, bayan 'yan sa'o'i a duba da madubin ƙara girma a ƙirga nawa ne suka tsiro da ɗan bututunsu. Mataccen bununi da rayayye launinsu ɗaya, nauyinsu ɗaya, kuɗinsu ma ɗaya in mai sayarwa ba ya tsoron Allah. Manomin ba zai gane an cuce shi ba sai bayan makonni, lokacin da fure ya daɗe da zubewa.

Wajen shafawa, hanyar Japan ce ta fi burge ni, ƙila don ta fi kama da aikin mutanenmu. Gonakinsu ƙanana ne, kuma yawancin masu kiwi a can da hannu suke yi. Suna cakuɗa bununin da garin wani tsiro mai laushi da aka rina ja-ja, su ɗauki ɗan sanda mai tuntun gashin tsuntsu a kai, su tsoma su dangwala wa kowane fure. Cakuɗawar tana sa tsadadden garin ya yi auki. Rinin kuma shaida ce: furen da aka taɓa ya yi ja, gobe in an dawo ba sai an tsaya tunani ba. Wasu wuraren garin gawayi suke sawa a madadinsa. Akwai kuma 'yar bindiga mai batir da ke hura busasshen gari, akwai manyan injuna da ake ja da babur mai ƙafa huɗu suna busa shi a ƙarƙashin rumfa. Waɗannan suna ɓarnar gari da yawa, sai dai ƙudan zuma yakan kwashi wanda ya faɗa a kan ganyen fure ya ƙara rarraba shi, shi ya sa da dama ke haɗa biyun.

Ana kuma fesa shi a jiƙe, kuma a nan ne sabon shiga ya fi yin asara. Bununi abu ne mai rai, in ka zuba shi a ruwan famfo kumbura yake ya fashe, ko sinadarin da ke cikin ruwan da ƙarfen tankin su kashe shi. Sai tataccen ruwa da aka haɗa da wani abin da ke kare shi, kuma da an kwaɓa a fesa nan da nan, ba a kwaɓa da safe a je sallar Azahar a dawo. Amfanin jiƙaƙƙen shi ne ana iya aiki da shi ko furen na da danshi, ranar da busasshen gari zai dunƙule.

Duk hanyar da aka bi, sau ɗaya ba ya isa. Furannin gona ba sa buɗewa rana ɗaya, sukan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu suna bin juna. Kowanne kuma kwanakinsa na farko ne masu albarka, lokacin da ganyensa ke fari tas, zaruruwan na da danshi. In ya fara komawa ruwan ƙasa-ƙasa, kasuwa ta fara watsewa. Don haka ana zagayawa sau biyu ko uku, ana tsallake kwana ɗaya ko biyu. A Niyuzilan wannan hidimar tana faɗowa a Oktoba da Nuwamba, a Italiya da Girka wajen watan Mayu. Wannan saɓanin ne ya sa ba ma rasa kiwi a halaka: na kudancin duniya ya shigo da bazararmu, na Turai ya karɓe shi da hunturu, ga kuma ɗakunan sanyi da ke riƙe Hayward watanni.

A ganina, inda masu tallan wannan aiki ke wuce gona da iri shi ne in sun nuna kamar bununi maganin komai ne. Itacen da aka bar wa 'ya'yan da suka fi ƙarfinsa zai ba da ƙanana ko da kowanne na da ƙwaya 1,000. Barbara mai kyau ma ƙara wa manomi aikin ragewa take, domin kusan kowane fure zai kama. Haka in ƙudan zuma ya yi aikinsa a shekara mai kyakkyawan yanayi, garin da aka saya aka ƙara ba lallai ya mayar da kuɗinsa ba. Ɗan da ya riga ya cika da ƙwaya ba shi da wurin wata. Abin da manomi ke saya da wannan kuɗin kwanciyar rai ce a shekarar da sama ta ƙi, kuma ba ya sanin wace shekara ce sai ta zo.

Akwai kuma haɗarin da ya fi asarar kuɗi. A Nuwamban 2010 aka gano wata cutar bakteriya da ake kira Psa a gonakin Te Puke, cibiyar noman kiwi a Niyuzilan. Ta kashe mafi yawan irin rawayan da ake nomawa a lokacin, Hort16A, sai da aka sare shi aka ɗaura wani sabon iri, wanda yau muke sayarwa da sunan SunGold. Cutar tana iya bin bununi. Manoma sun kai gwamnati ƙara a kan cewa ta bar wani kayan furen kiwi ya shigo daga Sin ba tare da bincike mai kyau ba. Aka yi ta shari'a, a 2021 aka sasanta a kan dala miliyan 40 ta Niyuzilan. Ƙudan zuma iyakarsa 'yan kilomitoci. Gari a cikin kwalba kuwa jirgi yake hawa, da duk abin da ke jikinsa.

Mu nan Saudiyya ba baƙin wannan ilimi ba ne. Hadisin da ke cikin Sahihu Muslim sananne ne: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce mutanen Madina suna yi wa dabino barbara, ya nuna cewa ko ba su yi ba zai yi kyau, suka bari, dabinon ya fito shis, wato marar ƙwallo marar daɗi. Da aka gaya masa ya ce su ne mafi sanin al'amarin duniyarsu. Har yau daga Fabrairu zuwa Afrilu, a Madina da Ƙasim da Ahsa, mutane na kan itace suna wannan aiki, kuma Hausawa da dama sun ci abinci da shi. Su Kawu sun san abubuwan da littafi ya zo ya tarar: cewa ba kowane fahal ke da kirki ba, cewa garin wani namijin yana sa dabino ya yi girma ko ya nuna da wuri, cewa hudar da ta kwana da yawa a tsage ba ta kamawa.

Amma da za a ɗauki gwanin dabino a kai shi gonar kiwi, sabonsa ne zai fara cutarsa. Ya saba a cusa a ɗaure a tafi, iska ta ƙarasa. A nan babu abin ɗaurewa, kowane fure sai an sadu da shi. Ya saba namiji ɗaya ya ishi mata gommai. Ya saba garin dabino mai jure wahala, da ake ajiyewa a busasshen wuri a inuwa; na kiwi in ya wuni a aljihu a zafin rana ya tashi aiki. Ya saba kuma in abu ya kama to ya kama, alhali a kiwi kamawa mataki-mataki ce, daga ƙwaya 200 zuwa sama da 1,000, kowane mataki da farashinsa a kwali.

Wasu 'yan uwa masu ɗan fili a wajen Ɗa'if ko Baha sukan tambaya ko za a gwada. Kafin a kai ga maganar aure, sai itacen ya yi fure tukuna, kuma Hayward ba ya yin fure mai kirki sai ya sha sanyin hunturu na ɗaruruwan sa'o'i ƙasa da digiri 7. Yana son ƙasa mai ɗan tsami, tamu kuwa mafi yawanta mai farar ƙasa ce, wadda ke sa ganyensa ya ɗashe. Ba ya jure gishiri a ruwa, faffaɗan ganyensa yana shan ruwa kamar raƙumin da ya dawo daga tafiya, busasshiyar iska mai zafi tana ƙone shi, saiwarsa kuma tana ruɓewa in ruwa ya kwanta. Wanda duk da haka ya sayo dashe, to ya tabbata ya haɗo da namiji wanda lokacin furensa ya dace da na macen, ya kuma shirya jiran shekara uku ko huɗu kafin ya ga furen farko. Wanda ya shuka ƙwayar da ya cire daga kiwin kasuwa, shi ma sai bayan shekaru zai san maza ya rena ko mata.

Da na gaya wa Kawu maganar ƙwaya 1,000, bai yarda ba. Ya ce, "Kai dai ɗan boko ne, an faɗa maka ka haɗiye." Ya sa aka kawo masa faranti da tsinken sakace, ya matse rabin babban, ya fara ware ƙwayoyin goma-goma a gefe, ƙanwata na riƙe masa lissafi. Sun kai 340 aka kira La'asar, ko rabin abin da ke farantin ba su taɓa ba. Ya ture shi gefe, ya ce a rufe masa kada yara su zubar, ya miƙa hannu a ba shi butarsa.